Hawan jinin ido: matsin ruwa da gudanar jini a cikin ido

Hawan jinin ido shi ne sunan da Hausawa suka ba rukunin cututtukan da likitoci ke kira gulokoma, waɗanda ke cin jijiyar gani sannu a hankali, kuma abin da suka ci ba ya dawowa. Sunan yana da ruɗarwa. Abin da ke hawa a cikin idon matsin wani ruwa ne garau da ido ke haɗa wa kansa, kuma abin awon tansiyo da ake ɗaurawa a dantse ba ya nuna shi ko kaɗan. Duk da haka jini bai fita daga maganar ba, domin jijiyar gani tana rayuwa ne da tazarar da ke tsakanin ƙarfin jinin da ke son shiga ido da matsin ruwan da ke tare masa hanya. Ko matsin ido ya hau ko jinin jiki ya faɗi, tazarar ce ke raguwa.

Ruwan ido da matsinsa

A bayan baƙin ido akwai wani zoben nama da ke tace ruwa daga jini ba dare ba rana, kimanin mikrolita 2 zuwa 3 a minti da rana, ya ragu zuwa wajen rabi lokacin barci. Ɗigo guda na maganin ido mikrolita 30 zuwa 50 ne, ke nan ido kan ɗauki kusan minti 15 kafin ya tara ɗigo ɗaya. Wannan ruwa ba shi da dangantaka da hawaye, shi ya sa kuka ba ya rage matsin. Aikinsa ciyar da madubin cikin ido da gilashin gaban ido, waɗanda ba su da jijiyoyin jini. Yakan biyo ta ƙofar haske da ke tsakiyar baƙin ido ya cika ɗakin gaba, sannan ya fita ta wata matata da ke kusurwar da baƙin ido ya haɗu da gilashin, ya faɗa magudanar Schlemm, daga nan zuwa ƙananan jijiyoyin da ke kan farin ido. Wani kaso kaɗan yana tsiyayewa ta tsakanin tsokar zoben.

A yawancin masu lafiya matsin yana tsakanin 10 da 21 mmHg, wato ma'aunin da ake lissafin tansiyo da shi, matsakaicinsa 15 zuwa 16. Wannan 21 ɗin lissafin ƙididdiga ne kawai, ba katanga ba. A binciken da aka yi a Baltimore ta Amurka, kusan rabin waɗanda aka samu da cutar awonsu na farko bai wuce wannan iyaka ba. Matsin kuma ba ya tsayawa wuri ɗaya. Yakan motsa da 3 zuwa 5 a yini, ya fi haka a idon da ke da cutar, kuma yakan fi hawa da dare ko da asuba, lokacin da mutum ke kwance. Wanda ya taso daga Magariya ko Tanut ya iso layin asibiti da hantsi, awon da za a yi masa da tsakar rana sau da yawa ba shi ne mafi tsanani ba.

Ma'aunin da aka fi yarda da shi na Hans Goldmann ne, likitan ido a Bern ta Suwizalan, tun shekarun 1950. Ana ɗiga maganin kashe zafi da wani rini ruwan ɗorawa, sai kan na'urar ya danne da'ira mai faɗin milimita 3.06 a gilashin ido. Lissafin ya ɗauka kaurin gilashin wajen mikromita 520 ne. Gilashi siriri yana ba da awo ƙasa da gaskiya, kuma a matsakaici gilashin baƙar fata ya fi na Turawa siranta.

Yadda jini ke isa jijiyar gani

Jinin ido yana fitowa daga babbar jijiyar wuya da ke kai jini ƙwaƙwalwa, ta wani reshe da ke shiga kogon ido ya rarrabu. Reshe ɗaya yana bi ta tsakiyar jijiyar gani ya ciyar da sashen ciki na ratina, wato shimfiɗar da ke karɓar hoto a bayan ido. Wasu gajerun rassa suna huda bayan ido su ciyar da shimfiɗar jini da ke ƙarƙashin ratina, wadda ita kaɗai ke ɗaukar fiye da kashi 80 cikin 100 na jinin ido. Waɗannan gajerun rassa su ne kuma ke ciyar da kan jijiyar gani.

A nan matsalar take. Zaruruwan jijiyar gani, kimanin miliyan 1.2, duk sai sun ratsa wani faifai mai huji-huji kamar rariyar tankaɗe kafin su fita daga ido. Idan matsi ya hau, faifan kan lotsa baya, ya shaƙe zaruruwan, ya kuma matse ƙananan hanyoyin jinin da ke cikinsa. Tun ƙarni na 19 masana ke jayayya kan wanne ne asalin ɓarnar, shaƙewar ko yunwar jinin. A yau yawancinsu sun yarda duka biyun suna aiki, rabon kowane ya danganta da mutum. Likita da ya leƙa ido yakan ga ramin tsakiyar kan jijiyar ya faɗaɗa. Ramin da ya kai 0.7 na faɗin kan, ko bambancin 0.2 tsakanin idanu biyu, abin tuhuma ne. Ɗan tsilin jini a gefen kan jijiyar alama ce ta cutar na ci gaba, ko da awon matsi ya yi kyau.

Lissafin tazarar

Ana kiran tazarar matsin shigar jini. Da farko a fitar da matsakaicin jinin jiki: lambar ƙasa ta awon tansiyo, a ƙara mata sulusin bambancin da ke tsakaninta da ta sama. A ɗauki kashi biyu cikin uku na wannan, saboda ido yana sama da zuciya idan mutum na zaune, sannan a cire matsin ido. Mai 120/80 da matsin ido 15 matsakaicinsa 93, kashi biyu cikin uku 62, a cire 15, saura 47. Mai 100/60 da matsin ido 30 kuwa matsakaicinsa 73, ya koma 49, saura 19 kacal. Na biyun nan za a ce masa tansiyonsa lafiya lau, alhali jijiyar ganinsa na cikin yunwa.

Binciken Baltimore ya yi amfani da hanya mafi sauƙi, wato lambar ƙasa a cire matsin ido, ya tarar waɗanda sauransu bai kai 30 ba sun ninka masu 50 zuwa sama kusan sau shida wajen samun cutar. Binciken Barbados, inda mafi yawan mutanen asalinsu Afirka ta Yamma ne, shi ma ya nuna ƙarancin tazarar na ƙara haɗarin. Akwai dai wani ƙorafi mai ƙarfi a kan waɗannan alƙaluma: tun da matsin ido yana cikin lissafin, da wuya a ware rabon jinin shi kaɗai.

Ido mai lafiya yana gyara wa kansa. Tazara ta ragu, ƙananan hanyoyin jinin su buɗe, ta ƙaru su tsuke. Wannan gyara kan raunana da tsufa, ciwon suga, da hawan jinin da ya daɗe ya taurara bangon jijiyoyi. Dare ne lokacin da ya fi haɗari, domin jinin jiki kan sauka da kashi 10 zuwa 20 cikin 100 a barci, daidai lokacin da matsin ido ke hawa. Mai shan maganin tansiyo dab da kwanciya nasa na iya faɗuwa fiye da haka. Kada wannan ya sa kowa ya ajiye maganinsa, shanyewar ɓarin jiki ta fi kusa. Abin yi shi ne likitan ido da mai kula da tansiyon su san maganin juna, su duba lokacin shan. Mai minshari da numfashinsa ke ɗaukewa a barci, da mai ciwon ɓarin kai, da wanda yatsunsa ke sandarewa da sanyi ko ba hunturu, ana yawan samun su cikin masu gulokomar da matsinta bai hau ba.

Ire-irenta

Wadda ta fi yawa a ƙasar Hausa ita ce mai buɗaɗɗiyar kusurwa, inda matatar ke toshewa a hankali. Ba zafi, ba ja. Ganin gefe ke fara tafiya, ɗaya idon yana rufa wa ɗan'uwansa asiri, har sai mutum ya fara karo da ƙofa ko bai ga kabu-kabu da ya ɓullo masa ta gefe ba. Binciken ƙasa da aka yi a Najeriya daga 2005 zuwa 2007 ya samu cutar a kashi 5 cikin 100 na masu shekara 40 zuwa sama, ɗaya cikin biyar nasu ya riga ya makance, waɗanda suka san suna da ita kuma ba su kai kashi 6 ba. A Tema ta Gana an samu kashi 6.8 cikin 100. Tana fara wa baƙar fata da wuri, kuma tana bin dangi, don haka ƴaƴa da ƴan'uwan mai ita su je awo tun kafin shekara 40.

Mai rufaffiyar kusurwa kan zo farat ɗaya. Baƙin ido ya toshe matatar, matsi ya kai 50 zuwa 80, ido ya yi ja ya taurara kamar goriba, ga ciwon kai da amai da ganin bakan gizo kewaye da fitila. A irin wannan matsi jini da ƙyar yake shiga, gani na iya lalacewa cikin kwana ɗaya ko biyu. Ana ba da maganin rage haɗa ruwan ido, asetazolamid, miligiram 500 da magungunan ɗigawa, wani lokaci ƙarin ruwan manitol, sannan a huda baƙin idon da hasken leza, har da na ɗaya idon.

Akwai kuma wadda yunwar jini ce ta haife ta kai tsaye. Idan ciwon suga ya lalata ratina, ko jijiyar da ke fitar da jini daga ratina ta toshe, ratinar kan saki wani sinadari mai tsiro da sababbin hanyoyin jini. Waɗannan sukan mamaye baƙin ido su rufe matatar, yawanci kimanin wata uku bayan toshewar. Maganinta ƙona sassan ratinar da leza da allurar bebasizumab a cikin ido. Mai sikila, ko mai ɗauke da rabinta kawai, idan dutsen gwafa ya bugi idonsa jini ya taru a ɗakin gaba, ƙwayoyin kan lanƙwashe su toshe matatar, kuma jijiyarsa ba ta jure matsin da wani zai jure. A gare shi ana guje wa asetazolamid. Ture yanar ido da tsinke irin na gargajiya shi ma yana jawo hawan matsi.

Wadda ta fi ban takaici ita ce ta maganin ɗigawa mai deksametazon ko betametazon, da ake saye a tebur don ƙaiƙayin ido lokacin ƙurar hunturu. Ƙaiƙayin kan lafa nan take, sai a ci gaba da ɗigawa. Bayan mako 4 zuwa 6 matsi kan hau a kusan mutum ɗaya cikin uku, ya hau ƙwarai a wajen kashi 5 cikin 100, yara kuma sun fi saurin kamuwa.

Magani

Har yau rage matsin ido ne kaɗai aka tabbatar yana rage saurin cutar, ko a wanda matsinsa bai taɓa wuce 21 ba. Wani babban gwaji da aka wallafa a 1998 ya nuna rage kashi 30 cikin 100 na matsin irin waɗannan yana taimakawa. Na'urorin ɗaukar hoton hanyoyin jinin ido, irin su Dopla da OCT, suna nuna raguwar gudana, amma babu maganin “buɗe jijiya” ko ganye da aka tabbatar yana kare gani.

Timolol, da ya fito a 1978, yana rage haɗa ruwan, ana ɗiga shi sau biyu a yini. Bai dace da mai asma ko mai jinkirin bugun zuciya ba, domin yakan bi hanyar hawaye zuwa hanci ya shiga jini. Latanopros, na 1996, yana buɗe hanyar tsiyaya ta biyu, wato ta tsakanin tsokar zoben, ɗigo ɗaya da dare. Kwalbar da ba a buɗe ba tana son firji, wadda aka buɗe kuma kada ta wuce digiri 25, abin da ke da wuya a Damagaram a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura 40. Inda ba firji, a ɗaure ta a leda a ajiye ta jikin randa a inuwa, kada a bar ta a aljihu ko akwatin babur. Ɗigo ɗaya ya isa, na biyu zuba yake yi. A rufe ido, a danne kusurwarsa ta wajen hanci da yatsa minti biyu, a kuma bar minti biyar tsakanin magani da magani.

Da azumi mutane da yawa kan daina ɗigawa don gudun ɗanɗano a maƙogwaro. Sahur da shan ruwa sun isa ɗaukar magani mai sau biyu. A wajen shan ruwan kuma a kurɓa da kaɗan-kaɗan, domin kwankwaɗar lita guda cikin minti biyar tana ɗaga matsin ido na wajen awa ɗaya, abin da likitoci da kansu ke amfani da shi a matsayin gwaji.

Idan ɗigawa ta gaza, ko kuɗinta ya gagara, ko garin mutum ya yi nisa da inda ake samun ta, ana yin leza a matatar ko tiyatar da John Cairns ya bayyana a 1968, inda ake buɗe wa ruwan sabuwar ƙofa ƙarƙashin fatar farin ido. Idon baƙar fata yana saurin yin tabo ya rufe ƙofar, shi ya sa ake shafa maganin hana tabo, mitomisin, a wurin lokacin aikin, kuma dole mai aikin ya riƙa duba idon a kai a kai a makonni shida na farko.