Hendra Setiawan

Hendra Setiawan tsohon ɗan wasan badmintan ne na ƙasar Indonesiya wanda ya yi fice a ajin maza 'yan bibbiyu. An haife shi ranar 25 ga Agusta, 1984, a garin Pemalang da ke lardin Java ta Tsakiya. Ya ci lambar zinare a gasar Olamfik ta Beijin a 2008, ya zama zakaran duniya sau huɗu, ya ɗauki zinare biyu a Wasannin Asiya, ya kuma lashe gasar All England sau biyu, kafin ya ajiye raket a watan Janairun 2025 yana da shekara 40. Kusan duk waɗannan nasarori ya same su ne tare da abokan wasa biyu, Markis Kido da Mohammad Ahsan, kuma masana wasan suna sanya shi cikin waɗanda suka fi kowa iya tsare gaban raga a tarihin badmintan.

Tasowarsa

Hendra ya taso ne a ƙasar da badmintan yake da daraja fiye da kusan ko'ina a duniya. Lambobin zinare na farko da Indonesiya ta taɓa samu a Olamfik daga wannan wasa suka fito, lokacin da Susi Susanti da Alan Budikusuma suka yi nasara a Basalona a 1992. A ajin maza 'yan bibbiyu kuwa, Ricky Subagja da Rexy Mainaky sun ci zinare a Atlanta a 1996, Tony Gunawan da Candra Wijaya suka maimaita a Sidni a 2000. Saboda haka yaron da ya zaɓi wannan aji a wancan zamani ya san irin gadon da ke jiransa. Wasan ma ya shiga gidansu ta hanyar aure, domin Hendrawan, zakaran duniya na 2001 a ajin 'yan ɗai-ɗai, mijin yayarsa ne.

Yana matashi ya koma Jakarta ya shiga kulob ɗin Jaya Raya, inda aka haɗa shi da Markis Kido, sa'ansa da ya girme shi da mako biyu kacal. Daga nan hukumar badmintan ta ƙasa, PBSI, ta ɗauke su zuwa sansanin horonta da ke Cipayung a gabashin Jakarta.

Shekarunsa da Markis Kido

Duk wanda ya ga mutanen biyu a tsaye zai iya kuskuren raba musu aiki. Hendra dogo ne, Kido kuma gajere ne kakkaura, amma gajeren shi ne mai tsayawa a baya yana tuma yana saro ƙwallo da ƙarfi, dogon kuma yana gaba yana jiran abin da zai dawo. A 2005 suka fara jan hankali, shekarar da suka ci Gasar Asiya da Indonesia Open da kuma zinaren wasannin ƙasashen kudu maso gabashin Asiya. Shekara ɗaya bayan haka hukumar badmintan ta duniya ta sauya tsarin ƙidaya zuwa maki 21 a kowane turmi, inda duk wanda ya ci musayar bugu yake samun maki ko ba shi ya fara bugun ba. Sabon tsarin ya gajarta wasa, ya kuma ƙara wa bugun farko da amsarsa muhimmanci, abin da ya yi daidai da salonsu.

A 2007 suka zama zakarun duniya a Kuala Lumpur bayan sun doke Jung Jae-sung da Lee Yong-dae na Koriya ta Kudu, a shekarar kuma suka hau matsayi na ɗaya a jadawalin duniya. Babbar ranarsu ta zo ne a 16 ga Agusta, 2008, a wasan ƙarshe na Olamfik, inda suka kara da Cai Yun da Fu Haifeng na Sin a gaban 'yan kallon gida. Turmin farko ya suɓuce musu da ci 12–21, har aka fara ganin kamar an gama, sai suka juya wasan suka ci na biyu 21–11, na uku 21–16. Wannan ce kaɗai lambar zinare da Indonesiya ta samu a Beijin, ta kuma zo ana gobe bikin ranar 'yancin kai na 17 ga Agusta. Za a fi gane nauyin nasarar idan aka tuna cewa Cai da Fu su ne suka ci gasar duniya uku a jere daga 2009 zuwa 2011, suka kuma ɗauki zinaren Olamfik na 2012.

A 2009 mutanen biyu suka bar sansanin ƙasa suka ci gaba da wasa da ƙashin kansu. Hawan jini ya hana Kido zuwa gasar duniya ta wannan shekara. Duk da haka sun samu tagulla a gasar duniya ta 2010 a Paris, suka kuma ci zinaren Wasannin Asiya a Guangzhou bayan gumurzu da Koo Kien Keat da Tan Boon Heong na Malesiya, wasan da ya tashi 16–21, 26–24, 21–19. Daga nan tauraruwarsu ta fara dusashewa, ba su samu gurbin zuwa Olamfik ta Landan ba, a 2012 kuma suka rabu.

Haɗuwarsa da Mohammad Ahsan

Gasar Landan ta kasance abin takaici ga Indonesiya, domin karon farko ke nan tun 1992 da ta koma gida ba ko lamba ɗaya a badmintan. Cikin gyare-gyaren da suka biyo baya Hendra ya koma Cipayung, aka haɗa shi da Mohammad Ahsan, ɗan Palembang da aka haifa a 1987, ƙarƙashin kulawar koci Herry Iman Pierngadi. Kafin lokacin Ahsan yana wasa ne da Bona Septano, ƙanen Kido.

Haɗin bai ɗauki lokaci ba ya kama. A 2013 kaɗai sun ci Malaysia Open da Indonesia Open da Singapore Open da Japan Open da gasar rufe shekara, suka kuma zama zakarun duniya a Guangzhou bayan sun doke Mathias Boe da Carsten Mogensen na Denmak da ci 21–13, 23–21. A 2014 suka ɗauki All England a Bamingam, sannan suka kayar da Lee Yong-dae da Yoo Yeon-seong har gida a wasan ƙarshe na Wasannin Asiya a Incheon. Ranar 16 ga Agusta, 2015, shekara bakwai cif bayan daren Beijin, suka sake zama zakarun duniya, wannan karon a zauren Istora Senayan na Jakarta, inda suka doke Liu Xiaolong da Qiu Zihan na Sin.

Sun je Olamfik ta Rio a 2016 suna cikin waɗanda ake sa wa ran zinare, amma ko rukuni ba su tsallake ba, domin sun sha kashi a wasa biyu cikin uku. A ƙarshen shekarar Hendra ya sake barin sansanin ƙasa, ya shafe 2017 yana wasa da tsohon abokin hamayyarsa Tan Boon Heong ba tare da wani babban kofi ba.

Salon wasansa

Filin 'yan bibbiyu tsawonsa mita 13.4 ne, faɗinsa mita 6.1, ragar kuma ta ɗan haura mita ɗaya da rabi. Ƙa'idar da kowa ya sani ita ce, ɓangaren da aka tilasta wa ɗaga ƙwallo sama shi ne ya koma kare kai, ɗaya ɓangaren kuma ya samu damar sara. Aikin mai tsaron gaba shi ne ya sa abokan hamayya su ɗaga, ya kuma tare duk amsar da ta zo da rauni. A nan ne Hendra ya yi zarra. Yakan tsaya kusa da layin gaba, raket a sama daidai fuska, kafin abokin hamayya ya gama lilo da hannu ya riga ya karkata zuwa inda ƙwallon za ta bi, sai ya taɓa ta da ɗan motsin wuyan hannu ta sauka dab da raga ko ta ratsa tsakanin mutum biyu. Sau da yawa mai kallo zai ga kamar ƙwallon ce take nemansa.

Ya fi ba da ƙarfi ga bugu uku na farko, wato bugun farawa, amsarsa da abin da ke biyo baya, domin a gama musayar tun ba ta yi tsawo ba. Wannan ne ya ba shi damar yin takara da samarin da ya girma da shekara goma sha, a wasan da yawancin 'yan bibbiyu suke dogara da ƙarfin kafaɗa da saurin ƙafa. Haka nan ba kasafai fuskarsa take nuna murna ko ɓacin rai ba, ko maki ya kai 20–20, har 'yan kallo suka san shi da wannan sanyin hali.

Komawa kan ganiya

A 2018 ya sake haɗuwa da Ahsan. Magoya baya sun riga sun laƙaba musu The Daddies, domin dukansu magidanta ne masu 'ya'ya a tsakiyar samari, kuma mutane kaɗan ne suka zaci za su sake cin wani abin kirki. Shekarar 2019 ta ƙaryata wannan zato. A All England Hendra ya ji rauni a sha-raɓa a wasan kusa da na ƙarshe, ya shiga wasan ƙarshe ƙafa a ɗaure, suka rasa turmin farko 11–21 a hannun Aaron Chia da Soh Wooi Yik na Malesiya, sannan suka ci sauran biyun 21–14, 21–12. A Basel ta Suwizalan suka doke Takuro Hoki da Yugo Kobayashi na Japan da ci 25–23, 9–21, 21–15, ranar 25 ga Agusta, daidai ranar da Hendra ya cika shekara 35. A watan Disamba suka haɗa da kofin rufe shekara a Guangzhou. Waɗanda suka gagare su a wannan shekara 'yan gida ne, Marcus Gideon da Kevin Sanjaya, waɗanda suka yi ta doke su a wasannin ƙarshe, ciki har da na Indonesia Open da Japan Open da Denmark Open.

Ranar 14 ga Yuni, 2021, Markis Kido ya yanke jiki ya faɗi yana cikin buga badmintan a Tangerang, ya rasu yana da shekara 36. Bayan 'yan makonni Hendra ya tafi Olamfik ta Tokyo, wadda annobar korona ta ɗage da shekara guda, inda shi da Ahsan suka kai wasan kusa da na ƙarshe, Lee Yang da Wang Chi-lin na Taiwan suka fitar da su, Chia da Soh kuma suka ƙwace tagulla. Ahsan, wanda ya zama zakaran duniya sau uku, bai taɓa samun lambar Olamfik ba.

Kofin Thomas, na tawagogin maza, ya daɗe yana kuɓuce wa Hendra, domin yana cikin tawagar da Sin ta doke a wasan ƙarshe na 2010 da wadda Denmak ta doke a 2016. A watan Oktoban 2021, a birnin Aarhus, yana kyaftin, Indonesiya ta lallasa Sin 3–0 ta ɗauki kofin karo na 14, na farko tun 2002. Ba a ɗaga tutar ƙasar a bikin ba saboda takunkumin hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya, sai aka ɗaga tutar PBSI a madadinta.

Ƙarshen wasa

Ko bayan haka sun kai wasan ƙarshe na All England a 2022 da 2023, duka biyun kuma samari 'yan Indonesiya da suka taso a bayansu suka doke su. A gasar duniya ta 2022 a Tokyo suka kai wasan ƙarshe, Chia da Soh suka yi nasara, wanda shi ne karon farko da aka doke Hendra da Ahsan a matsayin abokan wasa a wannan gasa, kuma karon farko da Malesiya ta samu zakaran duniya a badmintan. A watan Disamban 2024 Hendra ya sanar da cewa zai yi ritaya, Ahsan ma ya bi sahu. Gasarsu ta ƙarshe ita ce Indonesia Masters ta Janairun 2025 a Istora Senayan, inda aka shirya musu bikin bankwana. Bayan ritaya Hendra ya koma horarwa, ya fara da Sabar Karyaman Gutama da Muhammad Reza Pahlevi Isfahani, 'yan bibbiyun da suke wasa a wajen sansanin ƙasa kamar yadda shi da Kido suka yi a 2009.