Ina matsalar take idan ƙarfe ya haɗu da bututun kabon?

Ɗaliban kimiyya na Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da masu gyaran waya a kasuwar Maradi za su gane wannan magana da sauri, domin kowa ya san wuta ta fi yin gardama a mahaɗa.

Mene ne bututun kabon?

Shimfiɗar kabon ce mai kaurin atom ɗaya da aka naɗe, faɗinta nanomita 1 zuwa 2. Nanomita kuwa, a raba milimita gida miliyan a ɗauki ɗaya. Sumio Iijima na Japan ya bayyana bututun kabon masu ninki da yawa a 1991, masu ninki ɗaya irin waɗannan kuma a 1993, a 1998 aka yi taransisto (ɗan makunnin da ke kunna lantarki da kashe shi cikin waya da kwamfuta) da su a Delft ta Holan da kuma kamfanin IBM.

To me ya hana su maye gurbin silikon, wanda da shi ake yin taransisto?

Dalilan da yawa, amma wanda ya fi damuna shi ne bakin shiga. Cikin gajeren bututu lantarki na wucewa kusan ba tuntuɓe. Wurin da ƙarfe ya taɓa bututun ne ake samun shinge, wanda ake kira shingen Schottky, sai lantarki ya ragu. Ko mahaɗar ta yi kyau iyakar kyau, turjiyar bututu guda, wato yadda yake tare wa lantarki hanya, ba ta sauka ƙasa da kilo-om 6.5 a ma'aunin turjiya.

Ba sai a sa zinariya ba?

Zinariya ba ta kama jikin bututun sosai. A 2003 ƙungiyar Hongjie Dai a Jami'ar Stanford ta nuna ƙarfen faladiyom yana manne masa, shingen ya kusa ɓacewa. Sai dai taransisto iri biyu ake buƙata, P da N (masu aiki da cajin lantarki kishiyar juna), faladiyom kuma na P ne. Masanan Jami'ar Peking sun samo ƙarfen sikandiyom don N, amma iska na saurin ɓata shi, dole a rufe shi.

Idan aka ƙanƙanta mahaɗar fa?

Nan gizo ke saƙar. Ƙarfe bisa bututun yake kwanciya, in aka rage tsawon wurin da suka haɗu, turjiya ta hau. A 2015 masanan IBM suka sa ƙarfen molibdenom, suka gasa shi a zafin digiri 850 na ma'aunin Celsius har ya haɗe da kabon ta bakin bututun. Mahaɗar ta sauka ƙasa da nanomita 10 ba tare da turjiya ta ƙaru ba. A ganina wannan babban ci gaba ne, ko da yake zafin ya yi wa sauran kayan da ke kan guntun silikon da ake jera taransisto a kai (chip) yawa.