Tuba a Addinin Kirista

Tuba, a koyarwar Kirista, ita ce juyowar mutum daga hanyar da yake kai zuwa ga Allah ta wurin bangaskiya ga Yesu Almasihu. Malaman tauhidi suna raba ta gida biyu: barin zunubi da kuma dogara ga Almasihu. Abin da ake nufi ya wuce sauya sunan addini, domin ana sa ran aikin mutum da dukiyarsa da zamansa da jama'a duk su bi sabuwar alƙiblar.

A Tsohon Alkawari kalmar Ibrananci ita ce "shub", wato komowa, kamar matafiyin da ya gane ya ɓata hanya ya juyo. Sabon Alkawari, wanda aka rubuta da Girkanci, yana amfani da "metanoya", sauyin tunani da zuciya. Kalmar "tuba" da Hausa ta aro daga Larabci ita ma asalinta komowa ne, shi ya sa ta zauna daram a bakin Kiristoci masu jin Hausa. Suna kuma cewa mutum ya "karɓi Yesu" ko ya sami "sabuwar haihuwa", maganar da ta samo tushe daga hirar Yesu da Nikodimu a sura ta 3 ta Bisharar Yahaya.

Misalin da ya fi shahara shi ne na Shawulu mutumin Tarsus, Bafarisiye (ɗan wata ƙungiyar Yahudawa mai tsananin bin Attaura) mai tsananta wa masu bin Yesu, wanda ya goyi bayan jifan ɗaya daga cikinsu mai suna Istifanas. Littafin Ayyukan Manzanni ya ba da labarinsa har sau uku, a surori na 9 da 22 da 26. Yana kan hanyar Dimashƙu da takardun izinin kama almajirai sai haske ya haskaka shi, ya faɗi, ya ji muryar Yesu. Kwana uku ba ya gani, bai ci ba bai sha ba, har wani almajiri mai suna Hananiya ya ɗora masa hannu aka yi masa baftisma. Abin lura a nan shi ne himmarsa da iliminsa ba su gushe ba; inda suka dosa ne ya sauya. Mutumin da ya fita kamun masu bi shi ne ya ƙare rayuwarsa yana kafa ikilisiyoyi a Asiya Ƙarama da ƙasar Girka. Mutane da yawa suna zaton a ranar ce aka sauya masa suna zuwa Bulus, amma littafin bai fara kiransa haka ba sai a sura ta 13.

Labarin Zakka, shugaban masu karɓar haraji a Yariko, gajere ne amma ya taɓa aljihu: ya yi alkawarin ba matalauta rabin dukiyarsa, ya kuma mayar wa duk wanda ya zalunta ninki huɗu.

Agustin, wanda aka haifa a 354 a Tagaste cikin Aljeriya ta yau, ya kai matsayin malamin balaga a birnin Milan, yana neman suna da aure mai daraja. A 386, cikin wani lambu, ya buɗe Wasiƙar Romawa ya karanta ƙarshen sura ta 13, ya yanke shawarar da ya daɗe yana ja da baya a kanta. Bishop Ambros ya yi masa baftisma a 387. Ya ajiye koyarwa, ya koma Afirka, ya zama bishop na Hippo har rasuwarsa a 430. Mahaifiyarsa Monika ta shafe shekaru tana yi masa addu'a, ta kuma ga baftismarsa kafin ta rasu a cikin shekarar.

Ba kowace tuba ce take kammaluwa a rana ɗaya ba, kuma rayuwar John Newton, Baturen Ingila, ta nuna wannan ƙarara. A watan Maris na 1748 guguwa ta kusa nutsar da jirgin da yake ciki, ya roƙi jinƙan Allah, ya kuma ɗauki ranar a matsayin mafarin juyowarsa. Duk da haka ya ci gaba da fataucin bayi daga gaɓar Afirka ta Yamma, har ya zama kyaftin, bai bari ba sai 1754, shi ma rashin lafiya ce ta sauke shi. An naɗa shi limamin coci a 1764. Sai a 1788, shekara 40 bayan guguwar, ya wallafa rubutu yana la'antar cinikin yana bayyana kunyar hannun da ya sa a ciki. Ya goyi bayan William Wilberforce, ɗan majalisar Birtaniya mai yaƙi da cinikin bayi, ya kuma rasu a 1807, shekarar da Birtaniya ta haramta cinikin bayi. Bai kamata a rufe waɗannan shekarun ba idan ana ba da labarinsa, domin mutanen da aka ɗaure a cikin jiragensa sun sha azaba a hannun wanda ya riga ya fara addu'a.

Ɗarikun Kirista sun bambanta a kan yadda abin yake faruwa. Katolika da Otodoks suna danganta shi da baftisma, suna kuma ganin tuba aiki ce ta tsawon rai, wadda ake sabuntawa ta furta zunubi a gaban firist. Ikilisiyoyin bishara da na Fentikos sun fi jaddada ranar da mutum ya yanke shawara da kansa, har yakan tsaya gaban jama'a ya ba da shaida. Mabiya malamin tauhidi Kalbin suna cewa alherin Allah ne kaɗai yake juyo da zuciya, mabiya malamin tauhidi Arminiyus kuwa suna cewa mutum na iya amsa kiran ko ya ƙi. Akwai kuma irin Timoti, abokin aikin Bulus, wanda ya tashi cikin bangaskiyar kakarsa da mahaifiyarsa, ba shi da wata rana guda da zai nuna.

A ƙasar Hausa, ɗan mishan Dakta Walter Miller ya zauna a Zariya tun 1905, daga baya mishan ɗin ya koma Wusasa, an kuma buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Har yau sabon tuba yakan shiga ajin baftisma na wasu watanni, inda dattawan ikilisiya suke koya masa, suna kuma duba zamansa a gida da kasuwa kafin a kai shi ruwa.