Waiwaye: Musun "wa ya fi ƙarfi" daga Hulk da Thor zuwa Goku da Superman

Kamfanin Marvel na Amurka ya fitar da wata mujallar labaran zane mai ɗauke da kwanan watan Janairun 1965 wadda ta buɗe da jaruminsa Thor yana wucewa, sai ya tarar da yara sun rabu gida biyu suna cacar baki kan wanda ya fi ƙarfi tsakaninsa da Hulk. Ya sauko ya ba su labarin wani karo da suka taɓa yi, labarin ya ƙare ba a ga wanda ya kai ƙasa ba. Tun a lokacin masu kamfani sun gane cewa wannan musu kasuwa ne, kuma raba gardamar asara ce.

Matsalar ta samo asali ne daga Superman. Lokacin da Jerry Siegel da Joe Shuster suka fito da shi a 1938, ko tashi sama ba ya yi. Tsalle yake yi na kimanin mita 200, ya ɗaga mota, ya tsere wa jirgin ƙasa. Kafin a yi shekara talatin ya koma mai ture duniyoyi daga mazauninsu. A 1986 kuma marubuci John Byrne ya rage masa ƙarfi sosai don labarinsa ya yi armashi. Saboda haka duk wanda ya ce Superman ya fi kowa, tambayar farko da za a jefa masa ita ce: na wace shekara?

Kamfanonin sun iya jan rai. A 1967 DC, kamfanin da ya mallaki Superman, ta haɗa shi tsere da Flash, jaruminta da ya yi suna wajen gudu, aka tashi kunnen doki. A 1983 Marvel ta fara buga kundin da ke bayyana nauyin da kowane jarumi zai iya ɗagawa: Spider-Man tan 10, su Hulk da Thor kuma rukunin tan 100 zuwa sama. Masu karatu suka samu lambobin kafa hujja, musun ya ƙara zafi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na 1996, lokacin da DC da Marvel suka haɗa jarumansu faɗa, suka bar wa masu karatu hukuncin karo biyar ta hanyar ƙuri'a. Superman ya doke Hulk, Batman ya doke Captain America, ba a yi wani ƙorafi mai yawa ba. Amma ƙuri'a ta ba Wolverine nasara a kan Lobo, wanda a labaran DC yake yin kare jini biri jini da Superman kansa. Masu zanen sun rasa yadda za su nuna hakan, sai suka ɓoye faɗan a bayan kantar mashaya, Wolverine ya miƙe shi kaɗai. Farin jini aka auna a ranar, kuma har yau masoya Lobo ba su huce ba. Ina ganin suna da gaskiya, domin sun yi shekaru suna karanta labarin da ƙa'idarsa, aka rusa ta a shafi guda.

Da intanet ta yaɗu a shekarun 1990, masoya fina-finan sararin samaniya na Star Wars da na Star Trek suka buɗe nasu fagen, suna tsayar da fim suna lissafin ƙarfin da ake buƙata a fasa dutsen sararin samaniya. A 2002 wani masanin taurari, Curtis Saxton, ya rubuta littafin da Lucasfilm, kamfanin da ke shirya Star Wars, ta amince da shi, ya ce bindigar wani jirgin yaƙi na Star Wars tana aman wutar gigatan 200 (gigatan ɗaya shi ne ƙarfin fashewar tan biliyan ɗaya na nakiyar TNT). Ɓangaren Star Trek suka ce ba su yarda ba, tunda ba a faɗi haka a fim ba.

Daga Japan kuma Akira Toriyama, wanda ya fara labarin zane na Dragon Ball a 1984, ya sa lambar a cikin labarin kanta. Akwai na'urar da ake maƙalawa a ido ta auna ƙarfin mutum: manomi ya tashi da 5, mugun sarki Frieza ya ce nasa 530,000 ne. Sai dai sau da yawa na'urar ruɗar masu ita take yi, domin Goku, jarumin labarin, da abokansa sun iya ɓoye ƙarfinsu, kuma bayan labarin Frieza marubucin ya yi watsi da lissafin kusan gaba ɗaya.

Haka aka iso ga karon da ya fi kowanne daɗewa a bakin matasa. Goku da Superman asalinsu ɗaya: kowanne jariri ne da aka turo duniya daga wata duniyar da ta tarwatse. Shirin Death Battle na YouTube, mai haɗa jaruman labarai faɗa, ya haɗa su a 2013, da 2015, da 2023, Superman ya yi nasara duka ukun, masoya Goku kuma ba su sallama ba. Stan Lee, shahararren marubucin Marvel, ya taɓa cewa wanda marubuci ya so shi ke yin nasara. Gaskiya ne, amma bai taɓo abin da ke ci wa mutane rai ba. Ƙarfin Superman kyauta ce ta haihuwa da hasken rana, jarrabawarsa ita ce ya riƙe hannunsa kada ya yi ɓarna. Goku kuwa an sha lallasa shi, ya mutu sau biyu, kowane mataki sai da ya yi atisaye ya zubar da gumi kafin ya taka. Yaron da ya tashi yana kallon wannan, idan aka ce masa akwai wanda Goku ba zai taɓa kamowa ba komai ƙoƙarinsa, ba lissafin tan ko gigatan yake ji ba. Shi ya sa ni ma, duk da na san hujjar ɓangaren Superman ta fi nauyi a takarda, ina tare da masu jiran karo na huɗu.