Rushe abu da mallakar memori a shirye-shiryen kwamfuta

A tsarin rubuta manhaja da ake ginawa a kan abubuwa, kowane abu da aka ƙirƙira yana cin wuri a memorin kwamfuta, wani lokaci har da buɗaɗɗen fayil ko layin sadarwa. Rushe abu shi ne mayar da waɗannan idan aikinsa ya ƙare. Mallaka kuwa ita ce amsar tambaya ɗaya: nauyin rushewar yana wuyan wa?

Idan babu wanda ya ɗauki nauyin, memori zai yi ta yoyo har manhajar ta sanƙare. Idan sassa biyu suka ɗauka, za a rushe abu ɗaya sau biyu. Mafi muni shi ne a ci gaba da amfani da abin da aka riga aka rushe, ƙofar da masu kutse ke so. A 2019 kamfanin Microsoft ya ce kusan kashi 70 cikin ɗari na matsalolin tsaron da yake gyarawa daga sarrafa memori suke tasowa.

Harshen C++, wanda Bjarne Stroustrup ya faro a 1979, yana bai wa kowane aji (tsarin da ake ƙirƙirar abubuwa daga gare shi) marushi, wato aikin da sunansa ke farawa da alamar ~, mai gudana da kansa da zarar abu ya fita daga iyakar da aka ƙirƙire shi. Fitowar 2011 ta kawo hanyoyin riƙe abu: unique_ptr, mai mamallaki guda, da shared_ptr, mai ƙirga masu riƙe da abu ya rushe shi idan lissafin ya koma sifiri.

Ƙirgar tana da rami. A ce ɗalibi Bahaushe a Jami'ar Ummul Ƙura ya rubuta manhajar raba wa alhazai masauki a Makka. Masauki yana riƙe da jerin alhazansa, kowane alhaji kuma yana riƙe da masaukinsa. An gama Hajji, an share bayanan, amma lissafin bai kai sifiri ba, domin kowanne yana riƙe da ɗan'uwansa. Maganin shi ne masauki ya mallaki jerin, alhaji kuma ya nuna masaukin da weak_ptr, wanda ba ya shiga lissafi.

Wasu harsunan sun sauke wa mai rubutu nauyin ta hanyar kwashe shara, wato harshen da kansa yake gano abubuwan da aka daina amfani da su ya rushe su, dabarar da John McCarthy ya ƙirƙiro don harshen Lisp wajen 1959. Java da C# a kanta suke. Da sauƙi, sai dai ba a san lokacin da mai kwashewar zai zo ba, don haka fayil sai an rufe shi da gangan. Java ma ta daina ba da shawarar dogaro da finalize, aikin da ake gudanarwa kafin a kwashe abu, tun fitowa ta 9 a 2017.

Harshen Rust, wanda cikakkiyar fitowarsa ta farko ta zo a 2015, ya tsaurara: mamallaki ɗaya ga kowane abu, saura aro suke yi, kuma shirin da aronsa ya wuce rayuwar mamallakin ba zai haɗu ya zama manhaja ba tun farko.