Waiwaye: Malamin Da Ɗalibinsa Bai Taɓa Gani Ba

Duk wanda ya tashi a gidan malamin firamare a shekarun 1990 zai iya tuna yadda Asabar take a gidan. Maigida ya tashi da sassafe, ya ɗaure littattafan Cibiyar Malamai ta Ƙasa, wato NTI, a bayan keke, ya nufi wata makarantar sakandare da aka ware a matsayin cibiyar haɗuwa. A can zai tarar da 'yan'uwansa malamai, maza da mata, wasu da goyo a baya, a yini ana bitar darasi. Ranar Litinin kowa ya koma ajinsa ya ɗauki alli. Da haka dubban malamai suka sami takardar shaidar malanta ta NCE ba tare da sun ajiye aiki ba. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne, wane ne ya zauna ya rubuta waɗannan littattafai? Wane ne ya tsara su yadda mutum zai karanta shi kaɗai a gaban fitilar ƙwai ya gane? Sawun wannan malami da na sana'arsa nake son mu bi.

Abin ya faro ne daga gidan waya. A 1840 wani Bature a Ingila mai suna Isaac Pitman ya fara koyar da gajeren rubutun akawu ta hanyar wasiƙa: ya aika darasi, ɗalibi ya yi aiki ya mayar masa, ya gyara ya sake aikawa. A 1858 Jami'ar Landan ta buɗe ƙofar jarrabawarta ga wanda bai taɓa zama a ajinta ba. Wannan ƙofa ce ta amfani 'yan Najeriya a lokacin da babu jami'a ko ɗaya a ƙasar, domin sai a 1948 aka buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan. Alvan Ikoku, wanda hotonsa ke jikin takardar naira goma, ta wannan hanya ya sami digirinsa na falsafa a 1928 yana malamin makaranta. Akawuna da malamai da yawa sun yi rajista da makarantun wasiƙa irin su Wolsey Hall da Rapid Results College, suna tsakurar kuɗin daga albashinsu, su jira makonni kafin jirgin ruwa ya dawo da aikin da aka duba.

A Arewa rediyo ya taka rawa tun da wuri. Gwamnatin Jihar Arewa tana da sashen watsa darussa ga makarantu a Kaduna, wanda daga baya ya zama Cibiyar Fasahar Ilimi ta Ƙasa. Maƙwabtanmu na Nijar ma sun gwada abin da ya fi haka: tun 1964 suka fara koyar da yaran firamare ta talabijin da taimakon Faransa. Cibiyar Ilimi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya kuwa ta fara shirin ƙara wa malamai ilimi suna bakin aiki tun ƙarshen shekarun 1960.

Amma abin da ya mayar da lamarin dole shi ne shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, wato UPE, na 1976. Yaran da suka fito sun zarce duk hasashen da aka yi, azuzuwa suka cika maƙil, aka kwashi mutanen da ba su gama samun horo ba aka ba su alli. Idan aka ce su koma kwaleji, wa zai tsaya a gaban yaran? Mafitar ita ce a kai musu kwalejin har inda suke. A wannan shekara aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna, NTI, ƙarƙashin jagorancin Alhaji Hafiz Wali, aka tabbatar da ita da doka a 1978. Ta fara da takardar malanta mai daraja ta biyu, a 1990 ta ƙara da NCE. A ganina wannan cibiya da ke kan hanyar Zariya ba ta samu yabon da ya kamace ta ba. Matan aure da ba za su iya barin gida su tafi kwalejin kwana ba, da malaman ƙauye da albashinsu shi ne cin gidansu, ta nan suka sami tsani.

Yayin da ake wannan, a Ingila sana'ar kanta tana samun siffa. A 1969 aka kafa Buɗaɗɗiyar Jami'ar Birtaniya, ta karɓi ɗalibanta na farko a 1971, ba ta kuma tambayi kowa takardar sakandare ba. Sabon abin da ta kawo shi ne yadda ake haɗa darasi. Maimakon malami guda ya shiga aji ya yi magana, sai a tara ayari: masanin fannin, da masanin dabarun koyarwa, da edita, da mai shirya shirin BBC, su yi watanni suna tufka da warwara a kan kwas ɗaya kafin ɗalibi ya gan shi. A cikin wannan ayari ne aka sami sabon nau'in malamin jami'a, wanda aikinsa shi ne nazarin yadda mutum yake koyo in babu malami a gabansa. Wani masani ɗan Suwidin, Börje Holmberg, ya ce darasin da aka rubuta domin mai karatu daga nesa dole ya kasance kamar hira, ɗalibi ya ji ana magana da shi, ana tambayarsa, ana jiran amsarsa. Michael Moore, wanda ya yi shekaru yana aikin ilimin manya a gabashin Afirka kafin ya koma Amurka, ya nuna cewa nisan da ke cutar da ɗalibi shi ne ƙarancin tattaunawa tsakaninsa da malami, ko da suna gari ɗaya. Wanda ya taɓa zama a ɗakin lacca mai mutum ɗari biyar, yana can baya ba ya ko jin muryar malami, zai gane abin da Moore yake nufi.

Najeriya ta so ta bi wannan sawu. A 1983 gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta kafa buɗaɗɗiyar jami'a ta ƙasa, da Farfesa Afolabi Ojo a matsayin shugabanta. Ko shekara ba ta yi ba sojoji suka karɓi mulki, gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta dakatar da ita a watan Afrilun 1984. Haka ta yi shekara kusan 18 a kwance, har gwamnatin Olusegun Obasanjo ta farfaɗo da ita a 2002. Wannan jinkiri ya yi tsada, domin a tsakanin nan Indiya ta kafa tata jami'ar mai sunan Indira Gandhi a 1985, Tanzaniya ma ta kafa tata a 1992, suka tara ƙwararru, mu kuwa masananmu na fannin sai a waje suka sami wurin aiki.

Rayuwar Farfesa Olugbemiro Jegede ta nuna haka ƙarara. Malamin ilimin kimiyya ne da ya yi karatu ya kuma koyar a Zariya, sannan ya tafi Ostireliya ya yi aiki a cibiyar karatu daga nesa ta Jami'ar Kudancin Queensland, daga can ya wuce Buɗaɗɗiyar Jami'ar Hong Kong inda ya jagoranci cibiyar bincikenta. Daga Hong Kong aka kira shi gida ya tayar da buɗaɗɗiyar jami'ar da yanzu ake kira NOUN, ya zama shugabanta na farko bayan farfaɗowa. Tsohuwar Cibiyar Fasahar Ilimi ta Kaduna ma aka shigar da ita ciki. Farfesa Vincent Tenebe ya gaje shi a 2010, sai a 2016 aka naɗa Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero, ɗan unguwar Daneji a birnin Kano, wanda ya riƙe ta har 2021. Shi ma daga ilimin kimiyya ya taso, ya zama farfesa a 1997, ya sake zama farfesa a fannin yaɗa labarai da al'adu a 2012. Mu masu rubutu da Hausa muna da wani dalili na tuna shi: yana cikin waɗanda suka fara samar da haruffan kwamfuta masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, a lokacin da marubuta ke bin takarda da biro suna lanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya. A zamaninsa ne hedikwatar jami'ar ta tabbata a Jabi, Abuja.

Yau NOUN ce jami'ar da ta fi kowace yawan ɗalibai a ƙasar nan. Tana da cibiyoyi a kowace jiha, har a cikin gidajen gyaran hali inda ɗaurarru ke karatu kyauta. Obasanjo da kansa ya koma ɗalibinta, ya karɓi digirin digirgir a tauhidin Kirista a 2018. A ƙarshen shekarar kuma Buhari, a wannan karon a matsayin zaɓaɓɓen shugaba, ya sa hannu kan gyaran dokarta domin a daidaita ta da sauran jami'o'i. Duk da haka, waɗanda suka karanta shari'a a can sun sha gwagwarmaya na shekaru kafin a buɗe musu ƙofar Makarantar Horar da Lauyoyi, kuma har yau akwai masu ɗaukar takardarta kamar ba ta kai ta sauran ba, alhali ɗaliban wasu jami'o'in suna sauke littattafanta daga intanet su yi shirin jarrabawa da su.

Wannan kallon rainin ya shafi malamin ma. Ƙarin girma a jami'o'inmu ya rataya ne a kan maƙalun da mutum ya buga a mujallun bincike. Malamin da ya kwashe wata shida yana rubuta kwas ɗin da mutum dubu za su karanta, ya gwada shi, ya gyara, sau da yawa sai ya ga abokinsa da ya fitar da maƙala biyu ya wuce shi. To wane matashin malami ne zai zuba ƙuruciyarsa a nan? Akwai kuma abin da ya fi damuna. Aikin gida da ɗaliban NOUN ke kira TMA, mai maki 30 cikin 100, asalin sunansa yana nufin aikin da malami ke dubawa da hannunsa ya rubuta wa ɗalibi gyara. Yanzu tambayoyi ne na zaɓi ɗaya cikin huɗu, kwamfuta ke ba da maki nan take. An sami sauri, an rage kuɗi, na kuma san yawan ɗalibai ne ya jawo haka. Sai dai jan biron nan da Pitman ya fara da shi, wanda ke gaya wa ɗalibi inda ya kauce da dalilin kaucewar, shi ne aka rasa.

Annobar korona ta 2020 ta fito da giɓin a fili. Da aka rufe makarantu a watan Maris, jihohi irin su Kano da Kaduna suka koma ga rediyo da talabijin, jami'o'i masu zaman kansu suka ruga Zoom, malamai da yawa suka ɗauki laccar awa biyu yadda take suka karanta wa waya, ɗalibai kuma kuɗin data ya ƙare musu kafin a kai rabi. Waɗanda suka san aikin tun tuni, ma'aikatan NTI da na Hukumar Ilimin Makiyaya masu shirin rediyon Don Makiyaya a Ruga, sun san cewa darasin rediyo gajere ake yin sa, a maimaita, a bar wa mai sauraro sarari ya amsa. Irin waɗannan mutane muke da ƙarancinsu, musamman masu iya tsara darasi da Hausa, ga kuma tsofaffin da suka rubuta littattafan NTI na farko galibinsu sun yi ritaya.