Auna Daskarewar Danƙo da Hasken Infirared na Kusa

Auna daskarewar danƙo da hasken infirared na kusa dabara ce da masana sinadarai da injiniyoyi ke bi don sanin matakin da danƙon roba ya kai yayin da yake sauyawa daga ruwa-ruwa zuwa abu mai tauri, ba tare da an yanki samfuri ko an tsayar da aiki ba. An fi buƙatarta wajen ƙera haɗaɗɗun kayayyaki, wato waɗanda ake yi da zaren gilashi ko zaren kabon da aka jiƙa da danƙo, irin su fukafukan injinan samar da lantarki daga iska da jikin jiragen ruwa da na sama. Kusan rabin nauyin ginin jirgin Boeing 787 da irin waɗannan kayayyaki aka yi shi.

Yadda danƙo ke daskarewa

Danƙon da aka fi amfani da shi shi ne efoksi, wanda ake gauraya shi da sinadarin daskarwa, galibi daga dangin amayin. Kowace ƙwayar efoksi tana ɗauke da ƙaramin zobe mai kusurwa uku, kabon biyu da oksijin ɗaya. Idan zafi ya shiga, amayin yakan buɗe zoben ya ɗaure da shi, ƙwayoyin su yi ta sarƙewa har su zama raga guda. Akwai matakai biyu da maƙera ke lura da su sosai. Na farko shi ne lokacin da danƙon ya daina kwarara ya zama kamar kunun da ya kame. A lissafi, ga efoksi mai zobe biyu da amayin mai hannu huɗu da aka haɗa daidai wa daida, wannan yana faruwa ne idan kusan kashi 58 cikin ɗari na zobban sun buɗe. Na biyu shi ne lokacin da ragar ta yi tauri irin na gilashi, inda ƙwayoyin da suka rage ba sa iya motsi su iski juna, sai saurin aikin ya ragu ƙwarai duk da bai kammala ba. A nan ne haɗarin yake, domin kayan yakan yi kama da wanda ya gama nuna, alhali idan ya gamu da zafi ko nauyi a wurin aiki zai yi laushi kafin lokacin da aka zata.

Abin da hasken ke gani

William Herschel ne ya gano hasken infirared a 1800, lokacin da ya ga ma'aunin zafi ya hau a gefen launin ja na bakan hasken rana, inda ido ba ya ganin komai. Ɓangaren da ke maƙwabtaka da jan shi ake kira na kusa, tsawon zangonsa daga kimanin nanomita 780 zuwa 2500 (nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita). Karl Norris na ma'aikatar noma ta Amurka ya yi fice a shekarun 1960 wajen amfani da shi don auna amfanin gona, daga baya dabarar ta shiga masana'antar roba.

Ɗaurin da ke tsakanin haidurojin da kabon ko naitirojin ko oksijin yana shanye wannan haske a wasu zangona sanannu. Zoben efoksi yana sha a kusa da nanomita 2210, amayin da bai taɓa ɗaurewa ba a kusa da 2030, rukunin haidiroksil kuwa (oksijin ɗaure da haidurojin), wanda ke ƙaruwa duk lokacin da zobe ya buɗe, a kusa da 1430. Yayin da ake gasa kayan, alamar shan haske ta efoksi da ta amayin suna raguwa, ta haidiroksil tana tashi. Bisa dokar Beer da Lambert, yawan hasken da aka shanye yana tafiya daidai da yawan sinadarin da kaurin samfurin, saboda haka ana gwada alamar efoksi da wata alama da ba ta sauyawa, kamar ta zoben benzin a kusa da 2160, a fitar da kason daskarewa kai tsaye.

Babban alfanun wannan ɓangare na haske shi ne ba a shanye shi da ƙarfi. Infirared na tsakiya ana shanye shi da ƙarfi, har sai an yi samfuri siriri ƙwarai kafin ya ratsa, kuma alamar efoksi a can tana cuɗanya da wasu idan aiki ya kusa ƙarewa. Na kusa kuwa yana ratsa danƙo mai kaurin milimita da dama, kuma yana bin zaren haske na silika, irin na sadarwa. Wannan ya sa ana iya ajiye na'urar nesa, a zura zaren cikin mazubi ko cikin tanderun matsi da ke gasa kayan jirgin sama a zafin digiri 120 ko 180 na Salshiyas. Akwai wasu hanyoyin aunawa, amma auna zafin da danƙo ke fitarwa yana buƙatar a ciri ɗan samfuri a kai ɗakin gwaji, auna halayensa na lantarki kuma motsin ƙwayoyi yake nunawa; hasken shi ne ke ƙirga ɗaurin sinadaran kansu a cikin kayan da ake ƙerawa.

Iyakokinta

Zaren kabon baƙi ne, yana shanye hasken kusan gaba ɗaya, don haka dole a bar ɗan gurbin danƙo zalla a bakin zaren haske, ko a auna a saman kayan kawai. Zaren gilashi yana barin haske ya wuce amma yana warwatsa shi. Alamomin suna da faɗi, suna hawa kan juna, kuma zafi yana gusar da su, musamman ta haidiroksil, wadda danshi ma ke dagula ta. Shi ya sa ake haɗawa da lissafin ƙididdiga da aka daidaita da samfuran da aka riga aka san matakinsu. Sannan zaren haske guda wuri guda yake gani, alhali a kaya mai kauri tsakiya takan fi gefe zafi saboda zafin da danƙon ke fitarwa da kansa, ta riga shi daskarewa. Zaren da aka binne yakan zauna cikin kayan har abada, saboda haka sai an zaɓi inda za a sa shi da kyau don kada ya raunana wurin.

Ana bin dabarar kuma ga danƙon foliyesta da na cike haƙori, inda ake duba raguwar ɗaurin kabon mai ninki biyu a kusa da nanomita 1620.